Sau Nawa Dusar Ƙanƙara Ke Sauka A Landan, Kuma Me Ya Sa 'Yar Kaɗan Ke Tsayar Da Birnin Cak?

Duk lokacin da takardar amincewa da tafiya Landan ta fito wa ma'aikacin tarayya tsakanin Disamba da Maris, walau don kwas, ko taro, ko rakiyar maigida, tambayar da ta fi yawo a ofis ita ce: "Za ku tarar da dusar ƙanƙara kuwa?" Wasu har kasuwar Wuse suke shiga neman jibgegiyar rigar sanyi da safar hannu, suna hasashen birni ya yi fari fat kamar yadda ake nunawa a finafinai. Galibinsu sukan je su dawo ba su ga ko ƙwaya ɗaya ba, sai yayyafi da lumshi da iska mai ratsa ƙashi. Wasu 'yan ƙalilan kuwa sukan taki rashin sa'a, su kwana bisa benci a filin jirgin sama saboda dusar da kaurinta bai wuce faɗin tafin hannu ba.

Kowane ɓangare gaskiya ya gani. Dusar ƙanƙara baƙuwa ce a Landan, kuma baƙuncin nata ne ke sa ta zama jidali a duk ranar da ta yi sallama.

Abin da alƙaluma suka nuna

Yana da kyau a fara bambance abu biyu da akan haɗa a bakinmu. Ƙanƙarar da muka sani tana zuba da ruwan sama a Jos da wasu sassan Arewa dunƙulallen abu ne mai tauri, mai fasa kwanon rufi da karya shuka. Dusar ƙanƙara kuwa marar nauyi ce, tana saukowa shiru kamar dusar da ake sheƙewa daga hatsi, kuma daga nan Bahaushe ya samo mata suna.

Hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya tana ƙirga ta ta hanya biyu. Akwai ranar da aka ga tana sauka, ko da na minti biyar ne ta narke. Akwai kuma ranar da aka same ta a kwance, wato ta rufe fiye da rabin ƙasa a wurin awo da ƙarfe tara na safe. A kwaruruwan kudancin Ingila, inda Landan take, matsakaicin lissafi ya nuna ana ganin saukarta kwana 12 zuwa 15 a shekara, amma kwanakin da take kwanciya ba su cika wuce biyar ba. A tsakiyar birnin abin ya ma fi haka ƙaranci, kuma akan yi shekarar da ake fita daga hunturu ba ta kwanta ko sau ɗaya ba. Idan aka kwatanta da tsaunukan Cairngorms na Scotland, inda take sauka kimanin kwana 76 a shekara, za a ga cewa Landan ɗanɗano kawai take yi.

Wani abin da kan ba mutane mamaki shi ne lokacin zuwanta. Kowa Disamba yake kallo saboda Kirsimeti, alhali kuwa Janairu da Fabrairu ne suka fi yawanta, kuma hatta Maris ya ɗara Disamba a matsakaicin lissafi. Turawan Ingila sun ƙwallafa rai a kan ganin ta ranar 25 ga Disamba har masu caca na zuba kuɗi a kai. Saboda wuyar samunta, ma'aunin da hukuma ta ajiye shi ne a ga saukar ƙwaya ɗaya tak a cikin sa'o'i 24 na ranar.

Me ya hana ta yawa?

Wanda ya dubi taswira zai ɗauka Landan ta kamata ta daskare. Ta ɗan fi birnin Calgary na Kanada nisa zuwa arewa, inda sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifili. Abin da ya cece ta shi ne teku. Wata igiyar ruwa mai ɗumi tana tasowa daga mashigin tekun Meziko ta ratsa Tekun Atlantika zuwa gaɓar yammacin Turai, kuma iskar da ta fi kaɗawa a Birtaniya daga yamma da kudu maso yamma take zuwa, ta bi ta kan wannan ruwa ta iso da ɗumi da laima. Shi ya sa a watan Janairu zafin rana a Landan kan kai kusan digiri 8, da dare kuma ya sauko wajen digiri 2 ko 3.

Shi kansa birnin yana ƙara nasa. Gine-gine da kwalta da motoci da na'urorin ɗumama ɗakuna na mutane kusan miliyan tara suna riƙe zafi, har tsakiyar gari kan fi ƙauyukan kewaye ɗumi da digiri da dama cikin dare. Sau da yawa tudun Hampstead da unguwannin bayan gari sukan wayi gari fari, a daidai lokacin da dandalin Trafalgar, kusa da ofishin jakadancin Nijeriya, ruwa ne kawai a ƙasa.

Kafin dusa ta kwanta a Landan, sai iska ta juya ta fito daga arewa ko daga gabas, daga wajen Rasha da Siberiya, sannan ta gamu da laima. Mafi yawanta a Birtaniya tana zuba ne idan ma'auni na tsakanin sifili da digiri 2. Wannan ne ya sa hasashenta ke da wuya: bambancin digiri ɗaya ya isa ya mayar da abin da aka yi shelar zuwansa ya zama ruwan sama zalla, ko ya mayar da yayyafi ya zama abin da zai rufe tituna.

Shekarun da ba a manta ba

Landan ta taɓa sanin sanyin da ya fi na yau. A ƙarnonin baya Kogin Thames kan daskare har a kafa kasuwa a kansa. An yi irin wannan kasuwa ta ƙarshe a Fabrairun 1814, inda har giwa aka tsallakar a kan ƙanƙarar. Bayan an rushe tsohuwar gadar Landan a 1831, wadda ƙafafuwanta ke rage wa ruwan gudu, kogin bai sake daskarewa haka a tsakiyar birni ba. Hoton Landan mai lulluɓe da fari da ke zukatan mutane, yawanci gadon littattafai ne da katunan gaisuwa na wancan zamani.

Hunturun 1962 zuwa 1963 shi ne mafi tsanani a Ingila tun 1740. Dusa ta fara bayan Kirsimeti, ba ta saki ƙasa ba a wurare da yawa sai farkon Maris. A Fabrairun 1991 wata mai laushi kamar gari ta shige cikin injinan jiragen ƙasa ta tsayar da su. Da hukumar jiragen ta yi bayani, sai jaridu suka mayar da abin ba'a, wai dusar da ta sauko ba irin wadda aka shirya wa ba ce. Har gobe ana yi wa jami'an gwamnati wannan gori a duk lokacin da suka kawo uzuri.

Ranar Litinin 2 ga Fabrairu, 2009, aka wayi gari da dusar da ba a ga kamarta ba cikin shekara 18. An janye dukkan motocin bas na birnin daga kan titi, dubban makarantu suka rufe a faɗin ƙasar, ma'aikata da yawa suka kasa isa ofis. Ranar Asabar 18 ga Disamba, 2010, kimanin santimita 9 ta zuba a filin jirgin sama na Heathrow. Cikin 'yan kwanaki aka soke tashi da saukar jirage sama da 4,000, dubban fasinjoji suka kwana a ƙasa ana gab da Kirsimeti. A ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018 iskar Siberiya ta sake rufe birnin, sai kuma daren 11 ga Disamba, 2022, lokacin da filayen jirgi na Gatwick da Stansted suka dakatar da aiki na sa'o'i.

Mai lura zai ga cewa tsakanin waɗannan ranaku akwai shekaru. Wannan tazarar ita ce tushen matsalar.

Lissafin da ke gaban mahukunta

Biranen da dusa ke rufewa wata uku ko huɗu a shekara, irin su Helsinki da Mosko, suna da rundunar motocin share tituna da ma'aikatan da suka saba, kuma direbobi na sauya tayoyi idan sanyi ya shigo. A Birtaniya doka ba ta tilasta tayoyin sanyi ba. Fiye da rabin layin dogon da ake kira na ƙarƙashin ƙasa a Landan a sarari yake tafiya, kuma jiragen kudancin birnin suna jan wuta ne daga wani ƙarfe da ke shimfiɗe gefen layi, wanda da zarar ƙanƙara ta lulluɓe shi sai jirgi ya tsaya.

Akwai kuma rabon aiki. Hukumar sufurin birnin ce ke kula da manyan tituna, sauran kuwa suna hannun ƙananan hukumomi 32 da hukumar tsohon gari, kowacce da kasafinta da rumbun gishirin da take watsawa a titi don narkar da ƙanƙara. A 2009 wasu manyan hanyoyi sun samu gishiri, amma ƙananan hanyoyin da bas ke bi daga gareji ba su samu ba. A Heathrow ma a 2010, share titin tashi bai wadatar ba, domin jiragen sun maƙale a wuraren ajiyarsu da dusa daskare a ƙarƙashinsu. Kwamitin bincike ƙarƙashin Farfesa David Begg ya gano ƙarancin shiri da raunin tuntuɓa tsakanin hukumar filin da kamfanonin jirage. Daga bisani aka ware fam miliyan 50 don kayan aiki da horo, shugaban kamfanin filin kuma ya haƙura da garaɓasarsa ta shekarar.

Duk wanda ya taɓa zama a teburin tsara kasafi a ma'aikata ya san wannan tsaka-mai-wuya. A sayi injinan da za su yi shekara uku a ajiye, a ce an yi almubazzaranci. A ƙi saya, rana ɗaya ta zo a ce an yi sakaci. Binciken Heathrow ya nuna cewa injina rabin magana ne. Sauran rabin shi ne a san tun da wuri wa ke ba da umarni, wa zai kira wa, kuma wa zai faɗa wa jama'a halin da ake ciki.

Guzurin matafiyi

Mai zuwa Landan cikin hunturu ya fi buƙatar riga mai hana ruwa, da tufafin da ake sawa hawa-hawa, da takalmi mai kama ƙasa, domin santsin da ke biyo bayan narkewa da sake daskarewa shi ya fi kayar da mutane. Ya kuma sani cewa a Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma. Hukumar yanayi tana fitar da gargaɗi mai launi uku: rawaya, ruwan goro, da ja. Idan aka kai na biyu, a sa ran tsaiko a jirage da tituna.

Hadimin da ke tsara wa maigida tafiya zai kyauta idan ya bar tazarar kwana guda tsakanin dawowa da duk wani muhimmin zama a Abuja, musamman a Janairu da Fabrairu. Idan aka soke jirgin da zai tashi daga Birtaniya saboda yanayi, doka ta wajabta wa kamfanin ya sauya wa fasinja jirgi ko ya mayar masa da kuɗinsa, ya kuma ba shi abinci da masauki yayin jira, sai dai ba a biyan diyyar kuɗi a kan abin da ya fi ƙarfin kamfani. A adana rasit na duk abin da aka kashe.

Mai yiwuwa ne mutum ya je Landan sau biyar cikin sanyi bai ga dusa a kwance ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya duba hasashen yanayi kwana uku kafin ya nufi filin jirgin Nnamdi Azikiwe, ya kuma riƙe lambar masaukinsa ko da za a ƙara masa kwana, ya yi abin da ke hannunsa.