Tsuntsun Daji Da Ba Ya Gudun Mutane: Ko Akwai Hatsari?

Kowa ya san halin tsuntsun daji. Da zarar ya ga mutum ya nufo shi sai ya tashi. Ko yaro ne ya sunkuya kamar zai ɗauki dutse, kurciya ba ta tsayawa ta ga ƙarshen abin. Amma wani lokaci akan ga tsuntsu ya sauka a tsakar gida ya zauna. A matso kusa da shi, ba ya motsi. Har a kai hannu a kama shi. Yara su yi ta murna sun samu nama. Wasu manya su ce baƙo za a yi, wasu kuma su ce turo shi aka yi.

To, me ke sa tsuntsu ya daina tsoron mutum? Kuma taɓa shi ko cin namansa yana da hatsari? Amsar ta danganta da irin tsuntsun da kuma halin da aka same shi a ciki.

Waɗanda suka saba da mutane

Akwai tsuntsayen da zama kusa da mutane ɗabi'arsu ce. Baiwar Allah, wato ƙaramar tsuntsuwar nan ja, tana shiga har cikin ɗaki ta yi sheƙa a jinka. Balbela tana bin shanu da makiyayi, tana cin fara da ƙwarin da shanun suka tayar. Shamuwa takan zo daga kudancin Afirka gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a bishiyar tsakiyar gari. Mutane ba sa kashe ta, ita ma ta san haka. Ungulu kuwa mahauta ce wurin zamanta.

Tsuntsu yana koyon darasi kamar kowace dabba. Inda ake jifansa yakan yi nesa. Inda ake barinsa, kuma yana samun tsaba, sai ya riƙa matsowa kaɗan-kaɗan. Matan da ke sussuka da shiƙa sun san wannan, domin kurciyoyi da gwara sukan zo har gindin turmi. Alhazai ma suna ba da labarin tattabarun Makka, waɗanda ke yawo a tsakanin ƙafafun mutane saboda ba a farauta a wurin.

Da bazara kuma akwai ƙishirwa. Idan tafkuna da kududdufai suka ƙafe, tsuntsaye kan zo bakin rijiya da gindin randa. Ƙishi ya fi tsoro ƙarfi.

Duk waɗannan lafiyarsu ƙalau. Ga yadda ake gane su: idonsu a buɗe tar, gashinsu a kwance sumul, suna ci suna waige-waige. Idan aka tafa hannu ko aka matsa sosai sai su tashi. Tsuntsun da ya saba da mutane yana yarda a zo kusa, amma ba ya yarda a kama shi. Irin wannan ba abin tsoro ba ne, a bar shi ya yi kiwonsa.

Akwai kuma ɗan tsuntsun da ya fito daga sheƙa bai iya tashi sosai ba. Ana yawan ganinsu da damina. Bai san tsoro ba tukuna. Sau da yawa iyayensa suna nan kusa a kan reshe, suna jiran mutane su kauce su kawo masa abinci. In ana gudun kyanwa ko kare, a ɗora shi a kan reshe a tafi, sannan a wanke hannu. Zancen da ake yi cewa uwar za ta ƙi shi idan mutum ya taɓa shi ba gaskiya ba ne. Haka nan aku ko kanari ko tattabarar da ta kuɓuce daga gidan wani, ita ma ba ta gudun mutum domin a hannu ta girma.

Wanda ya kasa tashi

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Babban tsuntsun daji da ya zauna har aka sa hannu aka ɗauke shi, ba sabo ba ne. Akwai abin da ya hana shi tashi. Tsuntsu yana ɓoye ciwonsa iyakar ƙoƙarinsa, domin shaho da shirwa raunana suke nema. Kafin a ga alamar ciwo a jikinsa, ciwon ya riga ya ci ƙarfinsa.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Gashi ya tashi buzu-buzu, ido a lumshe, fikafikai a sake. Wani yana buɗe baki yana numfashi da ƙyar. Wani wuyansa ya murɗe, ko yana tangaɗi kamar mai maye, ko yana zagaye a wuri ɗaya. Wani kansa ya kumbura, ko yana zawo kore.

Wani lokaci rauni ne kawai. Ya bugi bango ko wayar lantarki, ko an harbe shi da danƙo. Amma mai kallo da ido ba zai iya raba rauni da cuta ko guba ba. Saboda haka ya kamata a ɗauki kowane irin wannan tsuntsu a matsayin mai cuta.

Murar tsuntsaye

Cutar da ta fi tayar da hankali ita ce murar tsuntsaye. Likitoci suna kiran nau'inta mai tsanani H5N1. An fara ganin ta kama mutane a birnin Hong Kong a shekarar 1997, inda mutum 18 suka kamu, 6 suka mutu. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ita a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar da ita a kaji a nahiyar Afirka. Nan da nan ta bazu zuwa Kano da Filato da wasu jihohi. A cikin watan ne kuma aka same ta a Magariya, Jamhuriyar Nijar. An kashe kaji masu ɗimbin yawa don a tsayar da ita. A farkon 2007 wata mata ta rasu a Legas sakamakon wannan cuta. Ta sake dawowa Nijeriya a 2015, ta kuma dawowa a 2021.

Ina ruwan tsuntsun daji da wannan? Asalin cutar a jikin tsuntsayen ruwa take, irin su agwagwar ruwa da dinya. Kowace shekara da kaka da hunturu, tsuntsaye masu yawa suna tasowa daga Turai da Asiya, su ƙetare hamada, su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru da Tafkin Cadi. Wasunsu suna ɗauke da ƙwayar cutar. Tana fita ta kashinsu da majinarsu ta shiga ruwa. Agwagwar gida ta sha ruwan, ta koma gida ta haɗu da kaji. Daga nan kasuwa ta ƙarasa aikin, domin kajin da ake kaiwa daga gari zuwa gari su ne suka fi yaɗa ta.

Tsuntsayen daji ma tana kashe su. A 2006 an same ta a jikin ungulaye a Burkina Faso. A farkon 2021 ta kashe manyan tsuntsayen ruwa fiye da 700 a wani gandun tsuntsaye a arewacin Senegal. Cutar tana taɓa ƙwaƙwalwar tsuntsu. Shi ya sa wanda ya kamu yakan rikice, ya daina gudun mutum, ya zauna kamar na gida.

Kada mai karatu ya firgita. Cutar ba ta kama mutum da sauƙi. Ba a ɗaukarta don tsuntsu ya wuce ta sama ko ya sauka a katanga. Yawancin waɗanda suka kamu sun taɓa tsuntsu mara lafiya ko matacce ne, wajen yanka da figa da fiɗa. Sai dai idan ta kama mutum ba ta wasa. Daga 2003 zuwa yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum fiye da 800 da suka kamu a ƙasashe daban-daban, kuma wajen rabinsu sun mutu.

Wani abin lura shi ne agwagwa tana iya ɗaukar cutar ba tare da ta nuna alama ba. Mafarautan da ke kama tsuntsayen ruwa a fadama su kula da wannan.

Kaji sun fi shiga hatsari

A gaskiya, abin da tsuntsu mara lafiya ya fi yi wa barazana a gidan manomi shi ne akurki. Kowace mace mai kiwo ta san annobar nan da ke share kaji da hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil. Kaza ta yi zugum, ta yi zawo kore, wuyanta ya murɗe, kwana kaɗan akurki ya zama kango. Kurciya da tattabara suna iya ɗaukar wannan cuta. Idan yaro ya tsinto kurciya mai tangaɗi ya kawo gida ya ɗaure kusa da kaji, zai yiwu ya kawo annoba da hannunsa. Kajin da aka tara don sallah ko kuɗin makaranta su tafi a mako guda.

Niyukasil ba ta yi wa mutum illa mai yawa, iyakarta jan ido na ƴan kwanaki. Kuma tana da rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana yin maganin, akwai ma wanda ake ɗigawa a idon kaza ko a sa a ruwan sha. A tambayi malamin dabbobi kafin hunturu ya shigo. Matsalar ita ce alamun Niyukasil da na murar tsuntsaye sun yi kama ƙwarai. Sai an kai ɗakin gwaji ake raba su.

Akwai wasu cututtukan ƙanana. Kashin tsuntsu yana ɗauke da ƙwayoyin da ke sa gudawa da zazzaɓi idan ya shiga abinci ko ruwan sha, musamman ga yara. Ƙurar busasshen kashin tattabaru da aku tana iya sa ciwon huhu ga mai shaƙarta. Mai share ɗakin tattabaru ya fara yayyafa ruwa, ya kuma rufe hancinsa da ƙyalle. Amma tsuntsu ba ya sa wa mutum ciwon haukan kare. Jemage dai daban ne. Shi ba tsuntsu ba ne ko da yake yana tashi, kuma cizonsa yana iya kawo irin wannan ciwo. Jemagen da ya faɗo ƙasa, kada a bari yara su taɓa shi.

Guba

Wannan ita ce aka fi mantawa da ita. Da shuka, manoma sukan cuɗa iri da maganin ƙwari. Kurciya ko zabon daji ya tone ya ci, sai ya kasa tashi. Wasu ma da gangan suke barbaɗa hatsi mai guba a bakin ruwa don su kama tsuntsaye su sayar. Haka nan idan aka yi feshin jan baki da jirgin sama ko da injin, tsuntsayen sukan zubo ƙasa, wasu matattu wasu da sauran rai. Mutane su bi da buhu suna tsinta.

Wuta tana kashe ƙwayar cuta idan nama ya dahu sosai har ciki. Amma ba a dogara da wuta wajen guba. Cire hanji da maƙoƙo ma bai isa ba, domin maganin yana shiga jini da tsoka. Wanda ya ci zai iya yin amai, ciwon ciki, zufa, dalalar miyau da jiri. Yaro ƙarami ya fi saurin jigata. Idan haka ta faru a garzaya asibiti, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya abin da aka ci. Manja da madara ba sa karya wannan guba.

Abin da za a yi

Idan aka ga tsuntsun daji a tsakar gida ya kasa tashi, abu na farko a janye yara, a kore kaji da karnuka daga wurin. Kada a yanka shi, kada a fige shi. In dole ne a kawar da shi, a sa hannu cikin leda marar huji, ko a yi amfani da shebur. Idan ya mutu a haƙa rami mai zurfi, kamar mita 1, nesa da rijiya, a binne shi yadda kare ba zai tone ba. Kada a jefa shi a bola ko a kududdufi. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu, a wanke shebur da takalmi.

Tsuntsu ɗaya da ya mutu ba abin tayar da gari ba ne. Amma idan aka ga da yawa sun mutu a wuri ɗaya, ko kaji suka fara mutuwa farat ɗaya, a sanar da mai unguwa da asibitin dabbobi mafi kusa a ranar. Wasu sukan yi sauri su kai sauran kajin kasuwa kafin su mutu. Wannan shi ke kai cutar garin maƙwabta, kuma ta kan dawo ta wannan hanyar.

Duk wanda ya taɓa tsuntsu mara lafiya ya lura da jikinsa har kwana 10. Idan ya ji zazzaɓi, tari, ciwon maƙogwaro, jan ido ko wahalar numfashi, ya je asibiti da wuri. Ya faɗa da bakinsa cewa ya taɓa tsuntsu, domin in bai faɗa ba za a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne.

Mai son ya taimaki tsuntsaye da bazara yana iya aje musu ruwa a kasko. Sai dai ya sa shi nesa da inda kaji ke sha, ya riƙa zubar da ruwan yana wanke kaskon kullum. A rufe randa da rijiya. Hatsin da aka shanya a tsakar gida a sa ido a kansa, a kwashe shi da zarar ya bushe. Masu kiwo a kusa da fadama kuma su hana agwaginsu zuwa ruwan da tsuntsayen daji ke sauka, tun daga kaka har ƙarshen hunturu.