Tafiya Mai Nisa Da Ƙaramin Yaro: A Shirya Zango Tun Daga Gida

A 'yan shekarun nan muna ganin 'yan'uwa daga ikilisiyoyinmu na Kara da sauran ƙauyukan Gwarzo da Kabo suna haye teku. Wani karatun tauhidi ya kai shi, wata aikin jinya ta samu, wata kuma mijinta za ta bi da goyo a baya. Mukan taru mu yi musu addu'a, mu raka su tasha, amma da wuya a sami wanda ya zauna da uwar ya tambaye ta inda jirginta zai yada zango, da awa nawa za ta yi a can da jaririn. A nan ne kuwa wahalar take.

Jirgin sama ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A Kano jirgi ya fara sauka a Nijeriya, a shekarar 1925, kuma ɗan Kabo ne, marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa kamfanin Kabo Air a 1980. Da can jirgin KLM yakan ɗauki mutum daga Kano zuwa Amsterdam, amma ya daina a 2012. Mai zuwa Turai ko Amurka daga Filin Jirgin Malam Aminu Kano yakan sauya jirgi a Alƙahira, ko Adis Ababa, ko Doha, in ba haka ba ya fara bi ta Abuja ko Legas. Ashe tilas mu koyi hikimar fataken da: madugu ba ya tashi sai ya san zangonsa.

Tikiti ɗaya, ba biyu ba

Wakilin sayar da tikiti zai iya nuna mana hanya mai araha, wadda aka haɗa da tikiti biyu na kamfanoni dabam dabam. Araha ba ta ado. Idan duk tafiyar tana kan tikiti ɗaya, jirgin farko ya yi latti, kamfanin ne zai sa mu a jirgi na gaba, kayanmu kuma galibi sai can inda za mu. Idan tikiti biyu ne, asarar tamu ce, ga ɗaukar akwatuna a sake awo da yaro a hannu. Wannan ya fi muhimmanci daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo yakan hana jirage tashi a Kano, daidai lokacin da yawancinmu muke tafiye-tafiyen Kirsimeti. Mai bi ta Legas kuma ya sani filin jiragen cikin gida dabam yake da na ƙasashen waje, sai an shiga mota. Gara a isa kwana ɗaya kafin ranar tashi. Haka ma daga gida: wajen kilomita 70 ne daga Gwarzo zuwa Kano, kada a bar wannan hanya sai ranar tafiya.

Tsawon zango

Awa ɗaya takan ishi babban mutum mai sauri, amma ba ta isar mai goyo. Ga layin bincike, ga canjin ƙunzugu, ga shayarwa, ga nisan ƙofa. Shawararmu ita ce a nemi zangon awa 3 zuwa 5, yaro ya miƙe ƙafa, ya ci abinci, ya gaji da wasa kafin doguwar tafiya. Idan zangon ya kai awa 8, a tambaya tun wurin sayen tikiti ko kamfanin yana ba da masauki, a kuma karɓi amsar a rubuce. A lura da agogo: Adis Ababa da Doha suna gabanmu da awa 2. Adis Ababa kuwa tana kan tudu fiye da mita 2,300, da dare akwai sanyi, saboda haka rigar sanyin yaro ta kasance a jakar hannu.

Takardu

Ko jaririn wata ɗaya sai da fasfo nasa da biza tasa. Mai fasfon Nijeriya yakan bukaci bizar wucewa kafin ya sauya jirgi a Ingila, Faransa, Jamus ko Holan, ko da ba zai fita daga filin jirgin ba, sai dai in yana da wata takardar da ta ɗauke masa, kamar bizar Amurka ko Kanada. A tambayi ofishin jakadanci kafin a biya kuɗi, gama matambayi ba ya ɓata. Allurar rigakafin shawara, wadda ake yi wa yara a wata 9, ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta isa har iyakar rai. Uwar da za ta tafi ita kaɗai ta riƙe takardar haihuwar yaron da wasiƙar yardar ubansa.

Cikin jirgi

Yaron da bai cika shekara 2 ba a cinya yake zama, kuɗinsa yawanci kashi 10 ne cikin 100 na tikitin babba. Wanda ya cika 2 sai an saya masa kujera. Manyan jirage suna da ɗan gadon jarirai da ake rataye shi a bango, amma ba su da yawa, sai an roƙa tun da wuri. Dokar da ta hana shiga da ruwa fiye da mililita 100 ta yi sassauci ga madara da abincin jarirai, a nuna su kawai wurin bincike. Lokacin tashi da sauka a ba yaro nono, haɗiya tana sauƙaƙa ciwon kunne. Muna roƙon iyaye mata, kada a ba yaro maganin barci don ya yi shiru, sai da izinin likita.

Aikin ikilisiya

Littafin Farawa sura 33 ya ba mu labarin yadda Isuwa ya so su tafi tare da Yakubu, amma Yakubu ya roƙi a bar shi ya biyo a hankali, daidai da ƙarfin yara da dabbobi masu shayarwa. Wannan ma'auni yana nan har yau: ƙarfin ƙaramin cikinmu shi ne zai yanke tsawon zango, ba saurin babba ba, ba kuma arahar tikiti ba.

Saboda haka muna kira ga Zumuntar Mata da dattawan ikilisiya, kafin a yi addu'ar sallama, a nemi wanda ya taɓa irin wannan tafiya ya zauna da iyalin, su karanta tikitin layi layi, a rubuta wa uwar sunan kowane zango da lokacinsa, da lambar wayar mai tarbarta. Sa'an nan mu durƙusa mu danƙa su a hannun Ubangiji. Allah ya kai su lafiya, ya raya mana yaranmu. Amin.