Fitilar ABS da Soket ɗin Ƙwaƙwalwar Birki

Duk wanda ya saba riƙe sitiyarin motocin zamanin nan, musamman na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, waɗanda jama'a ke kira Beljiyam ko tokumbo, ya san wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai haruffa uku, ABS, wadda bisa ƙa'ida takan kama da an murɗa makulli, ta yi 'yan daƙiƙoƙi ta mutu. Idan kuwa ta kama ta ƙi mutuwa, galibi hukuncin da mai mota zai fara ji a gareji shi ne ƙwaƙwalwar birki ta ƙone, sai an sayo wata da kuɗi mai tsoka. Alhali sau da yawa ƙwaƙwalwar lafiyarta ƙalau, illar tana can a soket ɗin da ya sada ta da wayoyin mota.

Hikimar na'urar ABS ta samo asali ne daga wata mas'ala da direbobi suka daɗe da sani, cewa taya in ta cije ta daina juyawa sai ta riƙa jan ƙasa, kuma tayar da ke jan ƙasa ba ta jin umarnin sitiyari. Jiragen sama aka fara yi wa maganin abin, sa'an nan a shekarar 1978 kamfanin Bosch da na Mercedes-Benz a Jamus suka fito da irin wadda lantarki ke sarrafawa a motar da ake ƙerawa don kasuwa. A kowace ƙafa akwai ɗan ma'auni da ke lura da saurin juyawarta, yana aika labari ga ƙwaƙwalwa. Ita kuwa da ta fahimci wata ƙafa na shirin cijewa, sai ta sassauta mata matsin man birki, ta mayar, ta sake sassautawa, sau da dama cikin daƙiƙa guda, wanda shi ne sababin karkarwar da direba kan ji a tafin ƙafarsa.

Dukan wannan aike-aike ta soket guda yake bi, mai ɗauke da ƙusoshi gommai, 'yan kaɗan masu kauri da ke kai wuta ga famfon man birki, sauran sirara kamar allura. Saƙon da ke bin siraran rarrauna ne ainun, ta yadda tsatsa 'yar ƙanƙanuwa ta isa ta gurɓata shi, ƙwaƙwalwa kuwa da ta yi shakka sai ta janye hannunta ta kunna fitila. Motocin da suka yi zama a ƙasashen sanyi, inda ake watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, sukan iso da tsatsar tun daga can, mu kuma mu ƙara musu da ƙurar hunturu, da ruwan damina, da tiyon masu wankin injin.

Kafin a taɓa komai, ya kyautu a jona na'urar bincike a karanta abin da ƙwaƙwalwar ta rubuta, domin la'alla laifin na ma'aunin ƙafa ne ko na fis. Daga nan a kashe mota, a zare makulli, a kwance kan batir mai alamar debewa, a dakata 'yan mintuna. A share ƙurar da ke kewaye da soket tun yana rufe, don kada ta zuba ciki. Bututun ƙarfen da ke shiga jikin na'urar kuwa na man birki ne, babu ruwan wannan aiki da su, wanda ya sassauta su ya shigar da iska.

A wajen buɗewa ne haƙuri ya zama wajibi. Yawancin irin wannan soket yana da wani hannu na roba wanda ake danna ɗan kunnensa a ɗaga, shi da kansa yake turo soket ɗin waje sannu a hankali. Robar kuwa ta sha zafin injin shekara da shekaru ta bushe, saboda haka wanda ya zura sukundireba ya ɓanɓara, ko ya kama wayoyi ya fizga, ya sayi gyaran da ya fi na farko tsada. In ya buɗe, a haska da tocila a duba ƙusa ɗaya bayan ɗaya: kore-kore alamar ruwa ya ci tagulla, fari-fari kamar gari tsatsar dalma ce, baƙi da narkewar roba kusa da masu kauri shaidar zafi ne. A fesa maganin wanke mahaɗar lantarki, irin na gwangwani mai bushewa nan take, a bi da buroshi mai laushi. Fetur da ruwa ba su halatta a nan ba, haka nan sanfefa da reza, domin ƙusoshin an yi musu wani siririn lulluɓi mai kare su, wanda in an kankare shi tsatsa za ta dawo da gaggawa. Bayan ya bushe sarai, a duba zoben robar da ke hana ruwa shiga, a shafa masa ɗan girisin lantarki kaɗan, a daidaita soket a mayar da hannunsa har a ji ya ce ƙas. Kada a manta da wayar da aka ɗaure a jikin bodi, ita ma tsatsa kan ci gindinta.

Akwai wata al'ada da nake ƙi ƙwarai, ta cire ƙwan fitilar ko liƙe ta da baƙin salatif kafin a sayar da mota. Wannan algus ne a ciniki, kuma cin amanar rai ne, domin mai saye zai hau titi yana zaton yana da kariyar da babu ita.

In an mayar da batir, a tayar da mota a ga fitila ta kama ta mutu, sa'an nan a ɗan zagaya a hankali inda babu jama'a, don ƙwaƙwalwar ta ji motsin ƙafafu huɗu. Idan ta sake kamawa, birki na asali yana nan yana aiki, sai dai taya na iya cijewa a santsi, kuma bincike ya koma kan ma'aunai da wayoyinsu. Amma in jar fitilar birki ta kama tare da ita, to a duba man birki nan take, kada a ci gaba da tafiya sai makaniki ya gani.