Ko ka sani? Farin gajimaren tashar wuta ba hayaƙi ba ne

Duk sa'ad da jarida za ta yi maganar gurɓata iska, hoton da take bugawa kusan ɗaya ne: wasu manyan hasumiyoyi masu faɗin gindi da tsukakken ƙugu, suna fitar da farin gajimare. To, abin da ke fita daga cikinsu tururin ruwa ne. Aikinsu sanyaya ruwa. Hayaƙin kwal na gaske ta wani siririn dogon bututu yake fita, kuma sau da yawa ido ba ya ganin dafin da ke cikinsa.

Tashar kwal wuta take hurawa ta tafasa ruwa, tururin ya juya injin, injin ya haifar da lantarki. Kafin a sake tafasa tururin nan, dole ya huce ya koma ruwa. Sai a bi da shi ta kan bututai masu ɗauke da ruwan sanyi. Ruwan sanyin ya kwashi zafi, a tura shi cikin hasumiya a feso shi kamar yayyafi. Iska na shiga ta ƙasa, ta ɗumama, ta haura sama da kanta ba tare da fanka ba. Wani kaso na ruwan ya bi iska, sauran ya sauko da sanyinsa. Dabarar randa ce: tsattsafowar da take yi ta bushe ita ke sanyaya abin da ke cikinta. Injiniya Frederik van Iterson na ƙasar Holan ne ya fito da wannan siffa, aka gina na farko a shekarar 1918.

Ruwan da ya bi iska ya tafi ke nan. Tashar da ke aiki haka tana shan kimanin lita 2 a kan kowane kilowat ɗaya na awa guda, wato yunit ɗaya na mita. Shi ya sa Indiya, a ƙa'idojin da ta fitar a Disambar 2015, ta haɗa iyakar hayaƙi da iyakar ruwa a takarda ɗaya.

Afirka ta Kudu, mai yawan kwal da ƙarancin ruwa, ta bi wata hanya. A tashoshin Matimba da Medupi da ke Lephalale a lardin Limpopo, kamfanin Eskom yana sanyaya tururi da iska zalla, ta hanyar manyan fankoki. Ruwan da ake sha ya ragu ƙwarai, sai dai a ranar tsananin zafi wutar da ake samu tana raguwa.

Abin da ya fi damuna yana can cikin siririn bututun. Kwal na ɗauke da farar wuta, in ta ƙone sai ta zama iskar da ke tayar da asma, ta lalata huhun yara da tsofaffi. Ana iya kama fiye da kashi 90 cikin 100 nata in aka wanke hayaƙin da kwaɓaɓɓen garin farar ƙasa. Amma wankin nan ruwa yake ci, ga shi an kafa tashar Medupi a inda ruwa ya yi ƙaranci. Da Bankin Duniya ya amince da bashin dala biliyan 3.75 ga Eskom a 2010, sanya na'urar wanke hayaƙi a Medupi na cikin sharuɗɗa. An yi ta ɗage wa'adin, kuma cikin abubuwan da aikin ke jira har da bututun da zai jawo ƙarin ruwa daga kogin Crocodile.

Tashar Kusile da ke lardin Mpumalanga ita an gina ta da na'urar tun farko. A Oktoban 2022 wani sashe na hanyar hayaƙinta ya rufta, rukunoni uku na injinanta suka tsaya, a daidai lokacin da ƙasar ke fama da ɗauke wuta. A 2023 hukuma ta yarda a kafa bututai na wucin gadi, hayaƙi ya riƙa fita ba wanki. Wuta ta ƙaru a gidaje, mutanen da ke zaune kusa da tashar kuwa su suka shaƙi hayaƙin.