Lemon Kwalba da Mizanin Jini a Ƙasar Abzin

Tun da motocin da ke kwasar albasar Tabelot zuwa Agadas suka fara komowa da lemon kwalba, har ya samu mazauni kusa da butar shayi a lambunan da ke gindin dutsen Bagzam, akan ji masu kishin lafiya suna faɗin wai tsaminsa yana ratsa jini ya ɓata shi. Alhali kuwa, ko da yake tsoron nasu yana da dalili, ba nan illar take ba.

Masana ilmin ɗibbu suna auna tsami da ma'aunin pH, wanda Sørensen mutumin Denmark ya ƙago a 1909, inda 7 ce tsaka-tsaki, kuma gwargwadon saukar lamba gwargwadon tsananin tsami. Baƙin lemon kola yana wajen 2.5, amma ruwan da tumbi ke narka abinci da shi yakan kai haka, har ya zarce. Shi kuwa jini, Allah cikin hikimarsa ya tsare shi tsakanin 7.35 da 7.45, ya sanya masa masu gadi biyu: huhu yana fitar da iskar da ke haifar da tsami a kowane numfashi, ƙoda kuma tana tace ragowar ta zubar cikin fitsari, ta yadda mai lafiya, ko lemon kwalba ya sha ko lemun Timiya ya tsotsa, mizanin jininsa ba ya karkata.

Haƙora ne ba su da mai gadi irin wannan, domin farin rufinsu yana fara zaizayewa da zarar lambar pH ta baki ta sauka ƙasa da 5.5, saboda haka yaron da ke riƙe da kwalba guda yana kurɓa kaɗan-kaɗan tun hantsi har azahar, ya fi wanda ya shanye ta tare da abinci cutuwa. Sannan ga sukari: gwangwani guda mai santilita 33 yana ɗauke da kusan giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi nasiha a 2015 da kada baligi ya wuce kimanin giram 50 a yini, ga kuma shayi zubi uku yana jiransa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu jiƙa kanwa suna sha domin kashe tsamin da babu shi, bayan kuwa likitocin Zariya sun danganta yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego tun shekarun 1970. Tsamin jini na haƙiƙa yana zuwa ne daga ciwon sukari da ya yi tsanani, ko lalacewar ƙoda, ko zawon da ya ƙarar da ruwan jiki, kuma alamarsa numfashi ne mai zurfi da sauri tare da galabaita. Wanda aka ga haka gare shi, a garzaya da shi likita ba tare da jinkiri ba.