Kubwa: Araha a Haya, Tsada a Hanya

Ma'aikacin da hayar Wuse ko Garki ta fi ƙarfinsa, Kubwa ake fara nuna masa. Unguwar tana ƙaramar hukumar Bwari, ta kuma bunƙasa ne bayan gwamnatin tarayya ta ƙauro Abuja a 1991, ma'aikata suka cika rukunin gidajenta.

Abin da ke jan mutane a bayyane yake: babban asibiti, kasuwa, tashar jirgin ƙasa mai zuwa Kaduna, da ruwan famfo daga madatsar Usuma. Sai dai sassanta sun bambanta. Inda aka tsara tun farko akwai kwalta da magudanai. Inda gini ya riga tsari kuwa, damina kan mayar da layuka taɓo.

Babban ƙalubalen shi ne zuwa ofis. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota yana cinye rangwamen haya, cunkoson safiya kuma yana cinye barci.

Saboda haka, kafin ka biya hayar shekara, haɗa ta da kuɗin motar wata 12. Sannan ka bi hanyar da asubahin Litinin, ka koma layin bayan an yi ruwan sama.