GIDA A KAN TAYA, DA YADDA A KE KIYAYE FENTINSA

A ƙasar Amurka akwai wata irin mota wadda mai ita ke kwana a ciki, ya dafa abinci a ciki, ya yi wanka a ciki, in gari ya waye kuma ya tuƙa ta zuwa wani gari. Manya daga cikinsu su kan kai ƙafa 45 a tsawo, tsayinsu kuwa wajen ƙafa 13. Kamfanin Winnebago, wanda aka kafa a garin Forest City a Jihar Iowa a 1958, ya fito da tasa ta farko a 1966, ta kuwa karɓu ƙwarai saboda araharta. Amma cibiyar wannan sana'a ita ce Elkhart, a Jihar Indiyana.

Da yawa daga cikin masu motocin nan tsofaffi ne da suka bar aiki. Wasunsu ma gidajensu suka sayar suka saya, watau ba su da wani ɗaki a duniya sai ita. In sanyi ya tsananta a arewacin ƙasar sai su gangara kudu, har a watan Janairu dubbansu kan taru a wani ɗan gari mai suna Quartzsite cikin hamadar Arizona. To, wanda motarsa ita ce gidansa, fenti a wurinsa daidai ya ke da makubar da mu ke yi wa katanga kafin damina. Don haka muka ga ya kyautu mu bayyana wa masu karatu yadda su ke kiyaye shi.

MAƘIYAN FENTI

Jikin motocin nan iri biyu ne. Wasu na alminiyam ne, wasu kuwa na faiba, watau zaren gilashi da aka haɗa da danko ya daskare. Inda aka fesa fenti, a kan bi shi da wani shafi garai-garai mai sheƙi, wanda kaurinsa bai kai na takardar jarida ba. Wannan ɗan shafi shi ke tsakanin launin mota da rana.

Babban maƙiyi ita ce rana. A hankali ta kan cinye sheƙin, har jikin faiba ya koma kamar an barbaɗa masa alli, in ka shafa hannu ya fito fari fat. Na biyu ƙura, domin akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, yashi kuwa ya fi fenti tauri. Na uku kashin tsuntsu da ƙaron itace da ƙwarin da ke mutuwa a goshin mota. Kashin tsuntsu na da tsami, in rana ta gasa shi a kan fenti sai ya bar tabon da wanki ba ya fitarwa. Na huɗu gishirin da a ke watsawa a hanyoyin arewacin Amurka don narkar da ƙanƙara, shi kuwa tsatsa ya ke haifarwa a ƙarƙashin mota.

YADDA A KE WANKI

Ba su wanki a tsakar rana. Da sassafe ne, ko a inuwa, sa'ad da jikin mota ya ke da sanyi, don kada kumfa ya bushe ya bar zane. Daga rufi a ke farawa a gangaro, gama dattin rufi shi ne ruwan sama ke kwararowa da shi ya yi baƙaƙen layuka a gefe. Rufin da yawansu shimfiɗar roba ce, saboda haka ba a kusantarsa da kananzir ko fetur, su kan kumbura robar ta saki. Hawansa kuwa sai da hattara, don jiƙaƙƙen rufi santsi gare shi.

Kafin soso ya taɓa fenti, sai an kwarara ruwa ya tafi da ƙura tukuna. Sa'an nan a ajiye bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwa zalla. Duk sa'ad da aka goga, sai a ɗauraye soson a na ruwa zalla kafin a mai da shi na kumfa, don yashin da ya kwaso ya zauna can gindi. Sabulun mota musamman a ke sa wa, domin na wanke kwanuka ya kan kwashe kakin da aka shafa. Kuma ba a matso da bakin injin feshi kusa da taga ko wurin haɗi, ƙarfin ruwan ya kan ɓamɓare liƙi. In an ɗauraye sai a tsane da tsumma mai laushi nan da nan.

SHAFA KAKI

Kakin da ya fi suna shi ne karnauba, wanda a ke samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Barazil, musamman jihohin Piauí da Ceará. A kan yanko ganyen a shanya, a kakkaɓe garin da ke jikinsa, a narka. Abin da ya sa aka zaɓe shi, kakin zuma da muka sani ya kan narke a wajen digiri 63, jikin baƙar mota kuwa ya kan wuce haka a rana, amma karnauba sai zafi ya haura digiri 80. A kan shafa shi kaɗan-kaɗan, wuri-wuri, a bar shi ya yi hazo, a goge. Wata 2 zuwa 3 ya ke yi. Akwai kuma na haɗin masana'anta da kan kai wata 6. Gwajinsa ba wuya. Watsa ruwa, in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya kaki na nan, in ya baje ya kwanta lokacin sabon shafi ya yi.

Amfanin da ya fi duka, mai wanki da hannunsa ya kan ga kowane taƙi na motarsa. Nan ne zai ga inda liƙin taga ko na rufi ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ruwa ya sami kafa, katakon da ke cikin bango ya ruɓe, faiba ta saki ta yi kumburi, gyaran kuwa kan ci kuɗi mai yawa, wani lokaci har motar ta tashi daga aiki.

A nan ƙasarmu motocin kwana ba su yawaita ba, amma rana da ƙura ba baƙinmu ba ne. Kowace shekara iskar hunturu na kwaso mana ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta lulluɓe kowace mota. Sau nawa mu ke ganin yaron mota da sassafe ya ɗauki busasshen tsumma yana ta dirzar bodi, yana tsammani gyara ya ke yi? Alhali kuwa kankare fentin ya ke yi da yashi. Muna roƙon direbobi da masu motoci su hana wannan. In babu ruwa, gara a bar ƙurar inda ta ke har a samu. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.